Hayaƙin Korar Sauro

Babur ɗin da na fara kabu-kabu da shi a Zuru irin na da ne, wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Yayana ne ya bar mini shi da ya shiga soja. Ja ne, tankinsa ya lotsa ta gefe guda. Idan na buga masa kik sai ya yi ƙara kamar ana yaga sabon yadi, sannan ya saki hayaƙi shuɗi mai kauri, wanda yakan tsaya a layi bayan na wuce kamar yana jiran wani.

A tasharmu ta bakin kasuwa mun yarda da magana ɗaya: babur mai hayaƙi shi ne mai lafiya. Wanda ba ya hayaƙi injinsa ya bushe, ya kusa bugawa. Saboda haka duk wanda ya tsaya wajen ɗan bumburutu, idan aka zuba masa murfi ɗaya na baƙin mai, sai ya ce a ƙara rabi don albarka. Ni biyu cur nake cewa a zuba.

Ina kuma da wani ciwo da abokan aikina ba su da shi, wato karatun littattafan soyayya. Akwai mai shago a cikin kasuwa da yake kawo su daga Kano yana ba da haya. Kullum da ɗaya a aljihuna na baya. In babu fasinja sai in miƙe a kan babur, in ɗora ƙafa a kan kariya, in yi ta karatu har a taɓa ni. Daga waɗannan littattafai na koyi cewa duk saurayin kirki yana da alamar da take riga shi isa ƙofar gidan budurwa. Wani ƙamshin turarensa ne, wani ƙarar motarsa. Ni ba turare, ba mota. Sai na yanke wa kaina cewa tawa alamar ita ce ƙarar babur ɗina da hayaƙinsa, kuma na yi imani duk lokacin da budurwata ta jiyo ni daga nesa zuciyarta tana bugawa.

Ita 'yar wani mai awon hatsi ce a unguwar da ke gangaren bayan kasuwa. Tana koyon ɗinki a wani shago kan hanyar bariki, ni nake kai ta da safe in ɗauko ta da azahar. Siririya ce, mai magana a hankali, takan tsaya a tsakiyar magana kamar tana zaɓen kalma. Na ɗauki wannan a matsayin natsuwa, har na taɓa rubuta mata haka a wasiƙa. Manya sun riga sun shiga maganarmu, an kai gaisuwa, ana jiran a gama da damina a sa rana.

Zance nake zuwa bayan la'asar, in tashi da kiran magariba. A kan dakalin ƙofar gidansu muke zama, ita can gefe ni nan gefe. Gab da dakalin an shuka masara, bayan masarar akwai kwata, don haka tun rana ba ta faɗi ba sauro yake fitowa. Wata rana na ga ɗaya ya sauka a bayan hannunta. Ta kai masa duka ta rasa. Wani abu ya motsa a raina, irin wanda yake motsawa a ran samarin littafi. Na tashi na jawo babur, na juya salansa ya fuskanci dakalin, na buga kik, na murɗa totur. Kafin ka ce me, hayaƙi ya rufe mu. Sauro ya watse.

"Kin gani, ranki ya daɗe," na ce, "ko sauro ban yarda ya taɓa ki ba."

Ta ja gyale ta rufe fuskarta har ido. Daga cikin gyalen ta ce, "Na gode, Yaya."

Na koma gida ina jin na yi abin da ya cancanci a rubuta. Daga ranar ya zama ƙa'ida. Ina isa, ina juya salansa, in bar inji yana aiki a hankali, lokaci lokaci in miƙa hannu in zuga shi. Ita kuma ta rufe fuska. Na ce kunya ce, kunya kuwa ado ce.

Ban san ranar da zargi ya fara shiga raina ba, amma na san abin da ya fara kawo shi. Zance ya soma gajarta. Da mukan kai magariba, sai ya zama ko rabin hanya ba mu yi ba za ta ce mahaifiyarta na kira, alhali ni ban ji kira ba. Ta shige da sauri ba ta waiwaye. Wani lokaci ina jiyo tari daga cikin zaure, in ce a raina wata tsohuwa ce a gidan. Bayan haka ta ce kada in riƙa wahalar da kaina da ɗauko ta da azahar, za ta dawo tare da ƙawayenta. Bayan mako guda ta ce da safen ma in bari.

"Na yi laifi ne?"

"A'a, Yaya. Aikinka nake ji. Safiya ce lokacin fasinja."

Magana mai kyau, amma na karanta irinta da yawa. A littafi, duk ranar da budurwa ta fara tausaya wa aikin saurayi, to wani ya shigo.

Ranar Litinin na laɓe a bayan wani kes, ɗan shagon katako, ina kallon layinsu. Ta fito da jakar ɗinkinta, ta tsaya. Sai ga maƙwabcinsu ya turo babur daga gidansa, ta hau, suka wuce. Wannan maƙwabci tsohon soja ne, mutumin ƙauyukan kan tudu, Kirista, kowa Baba Kofur yake ce masa. Katanga ɗaya ta raba gidajensu, matarsa da mahaifiyarta suna miƙa wa juna abinci ranar Sallah da ranar Kirsimeti. Direban manyan motoci ne a soja, da ya yi ritaya ya sayi sabon babur irin na China da suka fara shigowa lokacin, wanda muke kira roba-roba, yana ɗan taɓa kabu-kabu don kada ya zauna. A tasha muna yi wa irin babur ɗinsa dariya. Ba ƙara, ba hayaƙi, baƙin mansa daban fetur daban. Mukan ce babur ne marar baki, in ya wuce ka sai ka ɗauka tunani kake yi.

Ban zargi Baba Kofur da neman ta ba, ya haife ta ya haifi yayarta. Amma na san wani abu da 'yan tasha ba su sani ba: a littafi kullum akwai dattijo mai fuskar mutunci wanda yake kai saƙo tsakanin yarinya da sabon saurayi. Kuma wane babur ya fi dacewa da aikin sirri, in ba wanda ba ya magana ba?

Na yanke shawarar bin su. Ranar farko ban ko kai kwanar layin ba na ga ta waiwayo, Baba Kofur kuma ya ɗaga mini hannu ba tare da ya juyo ba. Ashe tun daga bakin kasuwa suke jiyo ni. A ranar na fara gane cewa alamar da nake taƙama da ita ba ta barin mutum ya yi leƙen asiri. Sai na canza dabara. Hanyoyin Zuru hawa da gangara ne. Na koyi kashe inji a saman tudu, in saki babur ya gangara da kansa, ba abin da ake ji sai kukan sarƙa. Inda hanya ta miƙe in sauka in tura.

Kwana huɗu ba abin da na gani sai shagon ɗinki. Ranar kasuwa kuwa suka wuce shagon, suka yi kwana, suka tsaya a ƙofar wani kemis da ke can ciki, ba wanda ke kusa da gidansu ba. Baba Kofur ya zauna a kan babur yana kallon titi kamar mai gadi. Ita ta shiga. Na jingine nawa a bayan wata bishiyar darbejiya na matso.

Mai kemis ɗin saurayi ne, farar riga, tabarau, biro a aljihu. Da an ce in zana mutumin da yake ƙwace budurwar talaka a littafi, shi zan zana. Na ga ya ɗauko wata 'yar aba shuɗiya, ya girgiza ta, ya nuna mata yadda ake riƙewa, yana magana ƙasa ƙasa. Ta gyaɗa kai. Ya naɗe a takarda, ta karɓa ta tura can ƙarƙashin yadudduka a jakarta, ta dubi hagu ta dubi dama kafin ta fito. Turare, na ce a raina. Turaren da ni ban taɓa saya mata ba.

Washegari na sami Baba Kofur a tasha yana goge madubi.

"Baba Kofur, ina kake kai ta ranar kasuwa?"

"Inda ta ce."

"Ina ta ce?"

Ya dube ni ta saman madubin. "Ɗana, na tuƙa manya a soja har gashina ya yi fari. Ban taɓa gaya wa matar oga inda oga ya je ba. Da kai zan fara?"

'Yan tasha suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Mai littafi, an yi maka shafi na ƙarshe." Ni kuwa maganar ta zauna mini daidai inda nake tsoro. Mutumin da ya saba rufa wa oga asiri.

Ya gama goge madubinsa, ya miƙo mini makulli. "Ba ni naka. Ka hau nawa, ka biyo ni. Kada ka wuce ni, kada ka bar ni in yi nisa."

Na karɓa don in nuna ba na tsoro. Muka ɗauki hanyar Ribah, shi a gaba a kan jan babur ɗina, ni a baya a kan roba-roba. Karon farko ke nan a rayuwata da na ga bayan babur ɗina yana tafiya. A hawan farko ya rage gudu da gangan ya murɗa totur. Hayaƙin ya taho mini gaba ɗaya. Idanuna suka kawo ruwa, maƙogwarona ya yi ɗaci kamar na lashi ƙasan tukunya. Na kauce dama, iska ta biyo ni da shi. Na kauce hagu, haka. Da muka tsaya a gindin wata ɗorawa ina tofar da yawu, farar rigata ta yi ɗigo-ɗigon baƙi a ƙirji.

"Yaya ka ji?" in ji shi.

"Ƙura ce ta yi yawa a hanyar."

"Ƙura a tsakiyar damina." Ya sauka ya miƙo mini makullina. "Mai babur ba ya shan hayaƙinsa, ɗana. Na baya yake bar wa."

Da ina da hankali da na tsaya a nan. Amma a hanyar dawowa na juya maganar ta kowace fuska har na samo mata ma'anar da nake so. Na ce an turo shi ne ya wulaƙanta ni, ya nuna mini ni da abin hawana ba mu kai ba, don in janye da kaina a bar wa mai tabarau fili. Na ce to, ba za a ga haka ba.

Da la'asar na tsaya wajen ɗan bumburutu na ce ya zuba murfi uku. Ya dube ni, ya zuba. A hanya ina ta maimaita jawabin da na shirya, mai cike da kalmomi irin su amana da alkawari da zuciyar da aka yi wa rauni. Na isa da ƙara fiye da ta kullum, na juya salansa, na zuga inji sau uku kafin in aika a kira ta. Ta fito ta zauna a gefenta, gyale a hanci tun kafin ta gaishe ni.

"Buɗe fuskarki," na ce. "Yau ina so in ga idonki."

Ta sauke gyalen a hankali.

"Wane ne mai farar riga?"

"Wace farar riga, Yaya?"

"Ta kemis. Da abin da ya ba ki kika ɓoye a ƙarƙashin yadi."

Ta buɗe baki za ta yi magana, maganar ba ta fito ba. Abin da ya fito wani siririn sauti ne, kamar iska tana bi ta ramin kara. Ta dafa dakali da hannu biyu, kafaɗunta suna hawa suna sauka. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: a wannan lokacin ma ban yarda ba. Na karanta 'yan mata da yawa da suke suma idan an kama su. Na naɗe hannu ina jiran ta gama. Injin yana ta aiki a bayana.

Sai da na ga leɓenta ya canza launi, hannunta yana laluben jaka, yadudduka suna zubewa ƙasa, sannan hannuwana suka warware. Ta zaro shuɗiyar abar nan, ta kai baki, ta danna ta zuƙa. Mahaifiyarta ta fito da gudu ba ko mayafi, matar da tun da aka kai gaisuwa ba ta taɓa yarda mun haɗa ido ba.

"Kashe wanga abu," ta ce. "Don Allah kashe shi."

Na tsaya kamar an dasa ni. Baba Kofur ne ya fito daga gidansa ya murɗe makullin. Shirun da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa a ƙofar gidan ba. A cikinsa na ji numfashinta sosai, yana fita da ƙyar yana shiga da ƙyar, na kuma gane tarin da nake jiyowa daga zaure ba na wata tsohuwa ba ne.

Aka shiga da ita. Na zauna a dakali ina tsince yaduddukan da suka zube, ina kakkaɓe su ina ninkewa, don ban san me zan yi da hannuna ba. Can sai mahaifiyarta ta yi magana daga bayan ƙofar zaure, inda ba na ganinta.

"Asma ce. Tun tana ƙarama. Ta yi shekaru ba ta tashi ba, sai daminar ga. Mun ɓoye don mun san mutane. Wani ya zo kafin kai, da danginsa sunka ji, ko sallama ba su yi muna ba. Kemis na nesa muke aika ta don na kusa ɗan unguwa ne. Innarka ta sani?"

"Ba ta sani ba, Mama."

"To. Ya rage naka."

Bayan kwana biyu na dawo a ƙafa. Ta fito ta zauna, ta rame a ido. Sauro yana ta cizonmu, ba wanda ya kula.

"Me ya sa ba ki ce in kashe ba?"

"Ka ce don ni kake yi." Ta tsaya, ta ja numfashi. A karon farko na ga abin da take yi a wannan tsayawar, ba kalma take zaɓe ba. "Kuma in na ce ka kashe, za ka tambayi dalili. Kai ba ka barin abu."

"Na zaci turare ne."

"Na sani. Baba Kofur ya ce ya gan ka a bayan darbejiya, ƙafarka ɗaya a waje." Ta ɗan yi murmushi. "Ka yi mini alkawari ba za ka gaya wa kowa ba."

Na yi mata.

Na kai babur wajen bakanike. Ya cire salansa ya ɗora a kan wuta, wani baƙin abu kamar kwalta ya yi ta tsiyayowa yana ci da wuta. Ya tambaye ni murfi nawa nake zubawa, na faɗa masa, ya ce ba inji nake ciyarwa ba, fulogi nake kashewa. Ya gyara kabureta, ya nuna mini ma'aunin da ya kamata, bai ko kai abin da nake ce wa rowa ba. Hayaƙin ya ragu ƙwarai, amma bai ɗauke ba. Bakaniken ya ce irin wannan inji haka aka halicce shi, sai dai a rage.

Sai na ƙara da abin da na koya wajen leƙen asiri. In zan je gidansu, a saman tudu nake kashe inji in gangara shiru. In zan tafi, sai na tura har bakin titi. A tasha na daina barin inji yana aiki ina jiran fasinja. Da safe ma, maimakon in tayar da shi a tsakar gidanmu in bar shi ya yi zafi kamar yadda na saba, sai in tura shi waje har bayan masallaci. 'Yan tasha suka samu abin yi. "Ango, mai ya ƙare?" "A'a, tausayinsa yake ji, ya ce babur ɗin ya gaji."

Wadda ban yi lissafi da ita ba ita ce Inna, mahaifiyata. Zargin da ya bar ni bai je ko'ina ba, ɗakinta ya koma. Na fara lura tana tsayawa a bakin ƙofa da buta a hannu tana kallona ina tura babur. Aka aiko da dambu daga gidan su yarinyar, ta ba yaran maƙwabta, ko ɗanɗanawa ba ta bari na yi ba. Kununa na safe ya fara zuwa da ɗanɗanon rubutu. Rannan ta tare ni a zaure.

"Mi sunka ba ka ka ci?"

"Su wa, Inna?"

"Kada ka mai da ni yarinya. Namiji da babur nai, lafiya lau, shina tura shi kamar jaki mai gardama. Ka bar karatun littafin banzan naka, ka bar dariya. An gaya mini har can ƙofar gidansu turawa kake, kamar mai shiga fada. Wagga yarinya tun ba ta shigo ba ta sa ka tafiya da sanɗa."

"Bakanike ne ya ce..."

"Bakanike ya ce ka yi sanɗa?" Ta gyara ɗaurin zanenta. "Kawunka zai zo a kan maganar sa rana. Na ce ya dakata. Ba a sa ranar komi sai na gane abin da ke ƙasa."

Na rasa inda zan sa kaina. In na yi shiru, Inna ta riƙe auren a kan asirin da babu shi. In na faɗa, na karya alkawari, kuma wataƙila ta riƙe shi a kan ciwon da yake akwai. Na duba littattafaina a zuci, ban sami wanda ya taɓa shiga irin wannan ba. Su matsalarsu kullum mai kuɗi ne ko mugun kawu.

Na je na gaya wa yarinyar yadda ake ciki, ban rage komai ba. Ta dubi masarar da ta fara bushewa.

"Faɗa mata," ta ce. "Na gaji da tari a cikin gyale. In za a fasa, a fasa ina numfashi."

Da safe na sami Inna tana tankaɗe. Na tsuguna na faɗa mata tun daga sauro har zuwa kemis. Ba ta daina tankaɗen ba.

"Ana ɗauka?"

"Ba a ɗauka, Inna."

"Ɗiya fa? Suna gado?"

"Na tambayi mai kemis, ya ce wani ya gada, wani bai gada ba."

Ta buga rariya a gefen ƙwarya, ta tashi ta shiga ɗaki.

Kwana uku ba ta ce uffan ba a kan maganar. Ni kuma na koma halina. Ta yi tsaki, in ce shi ke nan an fasa. Ta ƙara mini miya, in ce tausayina take ji don ta san abin da za ta yi. Rana ta biyu ta ɗauki mayafi ta fita ba ta ce ga inda za ta ba. Na kai hannu kan babur, na riga na san tudun da zan kashe inji. Sai na tuna inda bin mutane ya kai ni, na zauna. Amma ban ji daɗin zaman ba, kuma har yau ban san inda ta je ba.

Rana ta huɗu da safe ina tura babur zan fita, ta ce in tsaya. Tana zaune a ƙofar ɗakinta, kaji suna tsattsaga a gabanta.

"Shekara ukku kana tada wanga abu a bakin ɗakina kullum da safe," ta ce. "Kajina sun bar kwana nan. Shanyata warin mai. Ina tari kana ce mini sanyi ne, in sha citta. Ɗiyar mutane ta yi tari wata biyu, ka koyi turi."

Ban taɓa haɗa tarin Inna da babur ba, ko sau ɗaya.

"Tunda ka fara wagga sanɗa taka ban tashi da tari ba. Na lura tun makon farko, na ɗauka rubutun da nike sha ne." Ta watsa wa kaji tsaba. "Yarinyar da ta sa na sha iska a gidana, ba ni da abin cewa a kanta. Ka gaya wa kawunka ya zo. Amma ka sani, idona na kanku."

Aka sa rana bayan an shigar da dawa. Kafin shekara ta zagayo na rabu da jan babur na koma roba-roba, kamar yadda yawancin 'yan tasha suka yi ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka fi kowa dariya. Wani manomi daga wajen Wasagu ne ya sayi jan babur ɗin. Na nuna masa ma'aunin baƙin mai, na maimaita masa sau biyu, ya ce ya ji. Yana hawa na ga ya tsaya wajen ɗan bumburutu, na kuma ga hannun ɗan bumburutun ya koma kan galan karo na biyu. Na tsaya ina kallon hayaƙin yana bin sa har ya sha kwana, ina tunanin ƙofar wa zai je ya tsaya.

Sauro kuwa gidan sauro muka saya masa.

Zargin bai bar ni ba, wurin zama kawai ya canza. Har yau in tana magana ta tsaya a tsakiya, ba na cewa natsuwa ce. Sai in kasa kunne in ji ko akwai wannan siririn sauti, sannan in tashi in leƙa waje, in ga wane ne ya bar inji yana aiki a ƙofar gidana.